Dawar Lamba Bakwai

Shafi na 31

Waɗanda suka yi ta min ƙorafi a kan awakin Baba Obadiya, wai na bar ku a tsaye ban faɗi abin da ya kashe su ba, ku yi haƙuri. Ga shi yau.

*

Sa'ida na tsugune a bakin famfo tana wanke kwalaben gwajinta aka yi sallama a ƙofar gida. Asabar ce, cikin watan Agusta, hantsi bai gama ɗagawa ba. Yayanta da take zaune a wurinsa a nan Kurmin Sarki ya fita tun da sassafe.

Ta gane muryar kafin ta ga mai ita. Baba Ɗanlami ne, mai kula da lab ɗin sashensu a jami'a. Shekara ashirin da biyu yana wannan aikin, bai taɓa tako Suleja ba sai yau.

"Baba, kai ne da kanka? Lafiya?"

"Motar farko na hau." Ya zauna a kan bencin da ta jawo masa, bai kalli ruwan da ta ajiye ba. "Wasiƙarki ta same ni shekaranjiya. Kika ce awaki uku."

"Huɗu yanzu. Ta huɗun jiya da yamma ta mutu."

"Sun shiga sito?"

"Sun fasa buhu ɗaya. Amma ai ba kome a ciki, Baba. Lamba huɗu ce. An gwada ta."



Wata biyar ke nan tana aikin digirinta na biyu a gonar Baba Obadiya da ke Iku. Wuta-wuta ta hana manoman wurin cin dawarsu, malaminta Dokta Isiyaku kuma ya gano wata funfuna da ke kashe ciyawar tun tana cikin ƙasa. A lab ake rainon funfunar a jikin ƙwayar jar dawa, a shanya, a ɗura a buhu, a kawo gona ana zuba ɗan kaɗan cikin kowane rami tare da iri. Funfunar iri-iri ce, kowace da lambarta. Lamba huɗu kaɗai aka yarda a fitar.

Baba Ɗanlami ya kwance wata leda, ya ciro tsohon littafin rubutu mai baƙin bango, ya buɗe inda ya naɗe.

"Karanta nan."

Rubutunsa ne, ƙanana a jere. Fabrairu 1994. Lamba bakwai. Fararen ɓeraye ashirin da huɗu.

Ta bi layin da yatsa. Ranar farko, sun ci. Rana ta biyu, gudawa da jini. Rana ta huɗu, goma sha tara sun mutu.

"Da hannuna na buɗe cikinsu," ya ce. "Hanjin duk ya saɓule. Na ce ko dafawa za ta kashe dafin, na tafasa dawar awa guda na ba wasu shida. Biyar suka bi su."

"Na san wannan labarin. Ai shi ya sa aka zubar da lamba bakwai."

"Haka aka rubuta."

Ta ɗago ta dube shi.

"Kin tuna watan Maris na bana, da aka ɗauke wuta kwana goma sha ɗaya? Janareto ba mai. Firij ya mutu. Duk abin da ke ciki ya lalace, har da lamba huɗu. Ko ɗigo bai rage ba."

"To buhunan da aka aiko min..."

"Lamba bakwai kuwa, Dokta bai taɓa zubar da ita ba. Tana cikin kwalbar ƙasa a durowar ofishinsa, ita ba ruwanta da firij."

"Baba."

"Ni na raine ta. Ni na ɗura buhu goma sha biyun nan."

Kwalbar da ke hannunta ta ajiye a hankali. Sai yanzu abin ya faɗo mata. Gonar ta yi kyau fiye da duk abin da suka yi tsammani. Layin da aka zuba wa dawar ko jan fure ɗaya na wuta-wuta babu. Har murna ta yi, ta rubuta wa mahaifiyarta wasiƙa.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Shekara biyu ta rage min in yi ritaya, 'yata. Na ce wa raina a ƙasa za a binne ta, ba a cikin mutum ba." Ya shafa fuskarsa. "Da na karanta wasiƙarki na kasa shiga coci ran Alhamis. Na tsaya a waje."

Ta miƙe ta jawo mayafinta daga igiya.

"Malam yana garin nan. Tashi mu je."

*

Dokta Isiyaku ya sauka a wani masauki a bakin titi tun ranar Alhamis, saboda ranar Litinin baƙi daga gidauniyar ƙasar waje da ke ɗaukar nauyin binciken za su zo ganin gonar. A baranda suka same shi, yana shan shayi yana gyara jawabinsa da jan biro.

Ya dubi Sa'ida, ya dubi Baba Ɗanlami, ya dubi ledar. Ya rufe bironsa.

"Ɗanlami, wa ka bar wa lab?"

"Na kulle, yallaɓai."

"Ku zauna."

Ba wanda ya zauna.

"Malam, mece ce a cikin buhunan nan?" in ji Sa'ida.

"Tunda kin zo da shi, kin sani."

Ta yi zaton zai musa. Rashin musun ya fi tsorata ta.

"Ka san tana kisa."

"Tana kashe ɓeran da aka kulle a keji aka hana shi kowane abinci sai ita. Maganin ƙwarin da manoman nan ke fesawa da hannu ba safa, shi ba ya kisa? Kowa ya san ba a sha. Wannan ma ba a ci. Binnewa ake."

"Awaki huɗu sun mutu."

"Za a ba mai su wasu."

"Da yaro ne fa?"

Ya kurɓi shayinsa. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Sa'ida, kin taɓa ganin ƙauyen da wuta-wuta ta tasa? Ni na gani. A namu ƙauyen aka haife ni, yau babu kowa sai kangaye. Shekara tara ina kan aikin nan. Wuta ta ɗauke kwana goma sha ɗaya, sai in rubuta wa mutanen nan in ce su tafi, ba mu da firij? Ba za su sake waiwayar mu ba. In damina ɗayan nan ta yi kyau, za a ba mu lab na gaske, in raba dafin da funfunar. Na san yadda zan yi."

"Da ka faɗa wa Baba Obadiya. A gidansa ake ajiye su."

"An faɗa masa kada a taɓa."

"An faɗa masa kayan jami'a ne. Ba a ce masa guba ba ce."

"Yallaɓai," in ji Baba Ɗanlami, "na liƙa wa kowane buhu jar takarda. Na rubuta da Hausa, na zana ƙoƙon kai."

Sa'ida ta juyo.

"Wace jar takarda? Fararen buhuna aka kawo min. Ba rubutun kome."

Baba Ɗanlami ya dubi Dokta. Dokta ya dubi titi.

"Ka rubuta lamba a kan takardar," ya ce can. "Sai na sa aka juye cikin wasu buhuna."

Wata tirela ta wuce, kofin shayin ya yi ƙara a kan faranti.

"Zan gaya wa baƙin ran Litinin," in ji Sa'ida.

"Ba laifi. Kafin nan ki tuna abu ɗaya." Ya buɗe fayil ɗin da ke gefensa, ya zaro takarda, ya juyo da ita saitinta ba tare da ya sake ta ba. "Wa ya karɓi kayan?"

Fom ne da ta cike ranar da motar jami'a ta sauke buhunan. Ta duba kaya, ta tabbatar lamba huɗu ce, ajiya da kulawa suna wuyanta. Ga sa hannunta a ƙasa.

"Kai ka ce in sa hannu. Ka ce ƙa'ida ce kawai."

"Ƙa'ida ce. Kuma sunana ba ya ciki." Ya mayar da takardar. "Littafin nan da kuke riƙe da shi kuma, rubutun wa ne? Wanda ya raini funfunar, ya ɗura ta. Ban ce ku yi shiru don ni ba. Ku yi tunanin kanku."

Idanunta suka ciko, ta hana su zubowa. Wannan mutumin ne ya je har gidansu ya roƙi mahaifinta ya bar ta ta ci gaba da karatu.

"Na ji," ta ce. "Amma buhunan da suka rage yau za su bar gidan mutanen nan. Bakwai muka zuba a gona. Biyar na sito. A ƙone su a gabana."

Ya yi ɗan nazari.

"Wannan na yarda. Dama ban so baƙin su gan su ba."

Ya ɗauki makullin fijo ɗinsa.

*

Suka kama hanyar Iku. An yi ruwa da daddare, hanya duk taɓo. Suka wuce gefen gonar gwajin, dawa ta yi kore shar ta fi mutum tsayi, gonar maƙwabci kuwa ta tsumbure, jajayen furanni sun rufe ƙasa. Dokta ya rage gudu yana kallo. Sa'ida ta kau da kai.

Baba Obadiya na zaune a gindin mangwaro yana gyara ƙotar fartanya. Gidan tsit, ba mata ba yara. Ya taso da fara'a.

"Oga Dokta, sannu da zuwa. Malama, sannu. Ai na share hanya saboda baƙinmu."

"Baba, buɗe mana sito," in ji Sa'ida.

Ya kwance igiyar da ya ɗaure ƙofar da ita tun bayan da awaki suka karya sakatar. Haske ya shiga.

A dama, tsabtataccen iri ne da jami'a ta kawo, buhu biyu, farare. A hagu, dawar funfuna, ita ma cikin fararen buhuna iri ɗaya.

Sa'ida ta ƙirga. Ta sake ƙirgawa.

Uku, har da wanda awaki suka fasa.

"Baba, biyu fa?"

"Biyu?"

"Biyar ne a nan. Ina biyu?"

Ya yi dariya. "Au, wannan. Ai Oga Dokta ya ba mu."

"Ni?" in ji Dokta.

"Ran Alhamis da ka zo. Ka ce an gama shuka, dawar da ta rage tamu ce, mu ci."

"Irin nake nufi. Na dama."

Baba Obadiya ya dubi dama, ya dubi hagu. Dariyar ta fara barin fuskarsa.

"Duk fari ne, Oga. Rut ta ɗauki na kusa da ƙofa."

Rut matarsa ce. Ita ke kawo wa Sa'ida dafaffiyar gyaɗa gona kullum, tana ce mata 'yata.

Baba Ɗanlami ya dafa bango.

"Ina ta kai su?" Sa'ida ta tambaya. Muryarta ta yi ƙasa sosai.

"Inji. Tun ran Alhamis da yamma ta jiƙa. Ta ce ma dawar tana ɗan wari, ta motse, ta wanke ta sau uku. Na ce ta jami'a ce, ai ba za ta yi kome ba."

"Kun ci?"

"A'a, ba na gida ba ne. Kunun zaƙi ta yi. Yau taron zumuntar mata a Garam, na coci-coci duka. Ita aka ba kunu. Ta ji daɗi ƙwarai, ta ce bana ba sai ta roƙi kowa hatsi ba." Ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. "Malama, mene ne?"

"Mutum nawa ne a taron?"

"Bara sun fi ɗari uku. Ban da yara."

"Ƙarfe nawa ake rabawa?"

"Sha biyu, in an tashi addu'a."

Ta kamo hannun Baba Ɗanlami ta duba agogonsa. Sha biyu saura kwata.

"Baba Obadiya," ta ce, "abin da ya kashe awakinka shi ne a cikin buhunan nan."

Bai yi ihu ba. Igiyar ƙofar da ke hannunsa ta sulale ƙasa. Ya juya ya dubi Dokta ya daɗe.

"Jikokina uku suna can," ya ce.

Dokta ya riga kowa isa mota.

*

A hanya ne Dokta ya fara magana, idonsa a kan titi.

"In mun isa, ba wanda zai ce guba. Za a ce kunun ya lalace, a zubar. In kuka ce guba, mata ɗari uku za su tattake juna."

"In sun riga sun sha fa?" in ji Sa'ida. "Likita zai tambayi me suka sha."

"Ba mu kai nan ba tukuna."

"Zan faɗi sunan abin, Malam."

Ya kalle ta ta madubi. Ba fushi a idonsa, kuma ta fi son a ce akwai.

Baba Obadiya na gaba, ya haɗa hannuwansa a cinya, laɓɓansa na motsi. Sau biyu motar ta kafe a taɓo, sau biyu shi da Baba Ɗanlami suka sauka suka tura. Da suka hango rufin cocin, agogo ya wuce sha biyu da rabi.

Tun daga nesa ake jin ganga da tulu da muryoyin mata. An kafa rumfuna a fili. Mata cikin zane iri ɗaya, kowace ƙungiya da nata launin, wasu na zaune a benci wasu a tabarma. Yara na guje-guje tsakaninsu.

Kusan kowa da kofi a hannu.

Sa'ida ta buɗe ƙofa tun motar ba ta gama tsayawa ba. Ta ratsa cikin mata tana tuntuɓe, mayafinta na jan ƙasa. Wata yarinya da ba ta fi shekara huɗu ba ta kafa kai a kofin roba da hannu biyu, ta fizge kofin ta kifar. Yarinyar ta fashe da kuka, uwarta ta miƙe.

"Ke, lafiyarki?"

Ba ta tsaya ba. A bayan rumfar ƙarshe ta hango Mama Rut, zane ɗaure a ƙugu, tana ɗauraye wata babbar robar shuɗi. Wata robar na kife a gefe, an riga an wanke.

"A'a, 'yata ce? Kin zo ashe." Mama Rut ta share hannu a zane tana murmushi. "Kin makara kaɗan, amma na ɓoye miki a jarka. Kowa sai yabo yake."

"Mama, kada kowa ya ƙara sha. Ki sa a sanar. Yanzu."

"Ai ya ƙare. An tashi addu'a da wuri saboda hadari, tun sha ɗaya aka raba." Ta hango mijinta yana tahowa, wandonsa duk taɓo, murmushin ya tsaya. "Baban yara, me ya kawo ka taron mata?"

"Rut, roba nawa kika yi?"

"Uku."

Sa'ida ta dubi ƙasa. Biyu ne a gabanta.

"Ta ukun fa, Mama?"

"Wannan ba ta nan ba ce. Duk shekara muna ware ɗaya ta ziyara. Maryamu ta tafi da ita da matan kwamiti, a akori-kurar fasto."

Maryamu babbar 'yarsu ce.

"Ziyara ina?"

"Marasa lafiya mana. Asibitoci uku za su zaga. Su kan fara da ɗakin masu jego, sai na yara."

"Wane asibiti za su fara?"

"Ban sani ba, 'yata. Direba ne ke zaɓa, ya danganta da hanya." Ta kamo hannun Sa'ida. "Ku gaya min mana."

"Yaushe suka tashi?"

"An fi rabin awa."

A can rumfar farko gangar ta tsaya. Wata mata na kiran a kawo ruwa, wata na cewa a ba ta iska, mata sun fara taruwa wuri ɗaya.

Sa'ida ta juya da gudu. Mota ɗaya ce a duk filin nan da za ta iya cim ma akori-kurar, in an bar nan yanzu.

Ta fito bakin hanya ta tsaya.

Baba Ɗanlami ne kaɗai a wurin, a tsaye a tsakiyar taɓo, takalminsa ɗaya a hannu. Can gaba, inda hanya ta karya kwana, bayan fijo ɗin Dokta Isiyaku ya shige cikin itatuwa.

"Na ce ya jira ki," in ji Baba Ɗanlami. "Ya ce in sauka in kira ki."

"Asibiti ya nufa?"

Tsohon ya girgiza kai.

"Bai ma san da roba ta uku ba, 'yata. Hanyar Kaduna ya tambaya."